Mu Ya Mu: Kafin Ka Sayi Fom ɗin Digiri na Biyu

Ƙanena, jawo tabarmarka nan kusa, maganar ba ta ɗaga murya ba ce. Tun da ka ce mini kana so ka koma makaranta ka yi digiri na biyu a kimiyyar siyasa nake juya abin a raina, kuma na fi so mu yi ta a gaban waɗannan, tunda mu ya mu ne. Malam Hedimasta ya ga jiya ya ga yau. Yaya kuma ya taɓa yin kansila, ya shiga cikin abin da kai ka karanta a takarda. Duk abin da aka faɗa a nan, a nan zai tsaya.

Da farko ka sani na ji daɗi, wallahi har cikin raina. A Yalwan Damai idan yaro ya gama digiri ya yi bautar ƙasa, abin da ake jira a ji shi ne ya samu aiki ko an sa masa rana. Wanda zai ce zai ƙara karatu, kuma a fannin da mutane suka ɗauka na masu neman takara ne, sai an tona. Amma akwai tambayar da zan yi maka, kada ka amsa yanzu, ka kwana da ita: me kake so ka sani wanda ba ka sani ba? Na san dalilan da ke mayar da mutane makaranta, kuma ban raina ko ɗaya ba. Wani aiki ne bai samu ba, zaman gida ya ishe shi. Wani yana aiki, ƙarin matsayi yake nema. Wani so yake jami'a ta ɗauke shi koyarwa. Duk halal ne. Sai dai na zauna da ɗalibai da yawa, kuma waɗanda na ga sun maƙale, shekara na bin shekara ba su gama ba, galibinsu sun ci jarrabawar aji lafiya lau. A wurin kundi suka tsaya. Sun shiga ba su da tambayar kansu, wani ya ara musu take, suka rasa ta inda za su kama shi.

Kai kuwa tambayarka tana nan a ƙofar gida. Yaya, ka yi mini uzuri, da kai zan yi misali. Lokacin da kake kansila, sau nawa aka kawo muku lissafin kuɗin ƙaramar hukuma kuka duba shi layi-layi? Ka yi shiru, na san amsar, kuma ba laifinka ba ne, tsarin ne haka. Tun gyaran da aka yi wa ƙananan hukumomi a 1976 ake cewa an kawo gwamnati kusa da talaka. Kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a zaɓi shugabanninsu, amma shi ne kuma ya samar da asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumomi, inda kuɗin kan biya kafin ya iso. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma a daina naɗa musu kantomomi. To, me ya canza a sakatariyar Birnin Kudu ko ta Gwaram daga ranar zuwa yau? Wa ke yanke shawarar inda za a haƙa rijiyar burtsatse, kansila ne, ko dagaci, ko shugaban jam'iyya na mazaɓa, ko wani ubangida da ke zaune a Dutse? Masu magana a rediyo suna da yawa, amma wanda ya zauna ya bi takardu, ya yi hira da kansiloli na da da na yanzu, ya jera abin da ya gano har wani ya iya tantancewa, shi ne ya yi ƙaranci. Wannan kaɗai ya isa kundin digiri na biyu, har ya bar saura.

In kuma ba ka son wannan, dubi ƙasar da muke zaune a kanta. Ali Sa'ad Birnin Kudu shi ne gwamnan farar hula na farko bayan an cire Jigawa daga Kano ranar 27 ga Agustan 1991. Sule Lamido, mutumin Bamaina, ya je majalisar wakilai a 1979 a ƙarƙashin PRP, ya yi ministan harkokin waje daga 1999 zuwa 2003, ya yi gwamna daga 2007 zuwa 2015. Ƙaramar hukuma ɗaya, Birnin Kudu, ta ba jiha gwamna biyu. Malam Hedimasta yana nan da rai, ya tuna lokacin da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, ya tuna yadda PRP ta dare gida biyu, santsi da taɓo, har wa da ƙani suka daina cin tuwo a kwano ɗaya. Malam, ko ba haka aka yi ba? To ina aƙidar jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, ta shiga? Ta mutu ne tare da Malam Aminu Kano a 1983, ko tana nan a bakin tsofaffi, ko ta koma wani abu dabam da matasa ke yi a waya ba su san asalinsa ba? Me ya sa jihar da PDP ta riƙe ta juya ga APC a 2015, kuma akwatunan mazaɓarmu sun juya tare da ita ko sun tsaya? A zaɓen 2023 hukumar zaɓe ta ɗora hotunan takardun sakamakon rumfuna a shafinta na intanet. Da can sai mai hanya ke ganin irin wannan. Yau kana iya zama a gindin darbejiyar nan ka kwatanta rumfar Yalwan Damai da ta Kiyako da ta Wurno, sannan ka tashi ka je ka tambayi mutanen wurin dalili.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, manyan littattafan da muke karantawa kan siyasar Arewa, yawancinsu baƙi ne suka rubuta. Richard Sklar ya fitar da nasa kan jam'iyyun Najeriya a 1963. C. S. Whitaker ya rubuta kan yadda sarauta da siyasar jam'iyya suka cuɗanya a Arewa daga 1946 zuwa 1966, littafin ya fito a 1970. John Paden ya zauna a Kano ya rubuta kan addini da siyasarta, ya fito a 1973. Sun yi aiki na gaske, sun koyi Hausa ko sun ɗauki tafinta, sun zauna da mutane, kuma dole ka karanta su. Amma dubi shekarun. Dubi kuma inda suka fi mayar da hankali: birane da fadoji. Mu da ke gefen masarautar Dutse, in an ambace mu, a layi ɗaya ne. Da ɗan gari akan ci gari, ƙanena. Abin da tsohon ɗan NEPU zai faɗa maka bayan la'asar saboda ya san kakanka, ba zai faɗa wa baƙo mai riƙe da rikoda ba. Wannan ita ce dukiyarka, kuma kada kowa ya sa ka ji cewa bincike a kan ƙauyenku ƙaramin bincike ne. Na ga yara suna zaɓar take kan dangantakar Amurka da Sin ko rikicin Gabas ta Tsakiya saboda sunan ya fi cika baki, alhali ba su da hanyar samun komai sai abin da suka kwaso a intanet. Irin wannan kundin ana gama shi yake mutuwa.

Malam Hedimasta yana tambaya, wai shin karatun nan yana kai mutum wani wuri kuwa? Yana kaiwa, Malam. Farfesa Attahiru Jega kimiyyar siyasa ya karanta a Kano, ya je Jami'ar Northwestern a Amurka ya yi digirin digirgir, ya dawo ya koyar, ya shugabanci ƙungiyar malaman jami'o'i a zamanin soja, ya riƙe Jami'ar Bayero daga 2005 zuwa 2010, sannan ya shugabanci hukumar zaɓe har zuwa 2015. Ban kawo shi don in ce kowa zai zama shi ba. Na kawo shi ne don ranar da aka tsaya ana tattara sakamakon 2015 ƙasa na rawa, mutumin da ke kan kujerar ya shafe shekaru yana nazarin yadda mulki ke aiki da yadda yake lalacewa. Ƙasa da wannan matakin kuma akwai koyarwa a Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, da kwalejojin ilimi, da aikin majalisa, da ƙungiyoyin sa ido kan zaɓe da kasafin kuɗi, da gidajen jarida. Sai dai ba zan ɓoye maka ba, takardar ba ta zuwa da aiki a manne. Akwai masu digiri na biyu a fanninmu da ke zaune. Shi ya sa na fara da tambaya, domin wanda ya fito ya iya bincike da rubutu yana da abin sayarwa ko da gwamnati ba ta ɗauke shi ba.

Yanzu bari mu sauko kan takardu, wurin da ake yawan yin tuntuɓe. Kusan kowace jami'a za ta nemi kiredit biyar na sakandare har da Turanci, da yawa kuma har da Lissafi, don haka ciro takardarka ka duba tun yau. Za a nemi shaidar bautar ƙasa ko ta yafewa. Za a nemi digirin farko da bai gaza tu-tu ba. Kai ka fita da tu-wan, ba ka da matsala a nan, amma in wani abokinka mai mataki na uku ko mai babbar difloma ya tambaye ka, ka ce masa ƙofa ba ta rufe ba, zai fara da diflomar gaba da digiri ta shekara ɗaya, sannan ya wuce. Wanda ya fi ba da wahala shi ne tiranskirif, cikakken sakamakonka na kowane zango, wanda jami'ar da ka gama za ta aika da kanta zuwa wadda kake nema. Ba a ba ka shi a hannu ka kai. Na san wanda ya biya kuɗi, aka ce an aika, can kuma aka ce bai iso ba, yana safa da marwa tsakanin ofis biyu har aka rufe ɗaukar ɗalibai, shekara ta wuce shi. Manomi ba ya jiran ruwan farko ya sauka sannan ya tafi neman iri. Ka nemi tiranskirif ɗinka tun ba a fara sayar da fom ba, ka ajiye rasit, ka karɓi lambar wayar ma'aikacin da fayil ɗinka ke hannunsa, ka riƙa gaishe shi cikin mutunci. Sannan ka duba sunanka. In a takardar sakandare an rubuta shi iri ɗaya, a digiri wani iri, a katin ɗan ƙasa kuma an juya shi, ka je kotu ka yi rantsuwa ka daidaita kafin kwamfuta ta ƙi ka. Kuɗin fom kuma ka biya ta shafin jami'ar da kanka, ta Remita ko yadda suka tsara. Duk wanda ya ce ka turo masa kuɗi zai samo maka gurbi, ka gode masa ka wuce.

Ga wani abu da ba a cika faɗa wa yara ba, kuma shi ne ya fi muhimmanci a cikin fom ɗin gaba ɗaya. Digiri na biyu iri biyu ne. Akwai na bincike, wanda ake rubuta cikakken kundi a kare shi a gaban malamin da aka gayyato daga wata jami'a. Akwai kuma na ma'aikata, irin MPPA da ake yi a Bayero kan tsare-tsare da gudanar da mulki, ko MIAD da ake yi a Zariya kan hulɗar ƙasashe da diflomasiyya. Na ma'aikatan yana da amfaninsa, ya fi saurin ƙarewa, an tsara shi don mai zuwa ofis, kuma da Yaya ne zai koma makaranta shi zan ce ya yi. Amma in kana da niyyar koyarwa a jami'a ko yin digirin digirgir, na bincike za ka cika, domin yawancin jami'o'i ba sa karɓar ɗayan a matsayin tsani. Sun kuma fi son ka fito da maki 3.5 cikin 5 ko sama. Na ga wanda ya gama na ma'aikata da murna, ya zo neman digirgir aka ce masa sai ya sake daga farko. Abin tausayi ne, kuma tambaya ɗaya tun farko da ta raba shi da wannan.

Sai masu ba da shaida a kanka. Mu a nan mun saba in ana neman abu a tafi wurin babban mutum, ciyaman ko ɗan majalisa ko hakimi. A wannan wurin wasiƙarsu ba ta da nauyi. Malamin da ya koyar da kai, ya duba kundinka na digirin farko, ya san inda kake da ƙarfi da inda kake da rauni, shi ake so a ji daga bakinsa. Ka je ka gaishe shi da ƙafarka. Ka tuna masa shekarar da ka gama da abin da ka rubuta, ka ba shi takardunka da bayanin abin da kake son ka bincika, ka ba shi lokaci. Kada ka kira shi ana gobe za a rufe. Malaman nan ɗalibai ɗaruruwa suke gani, wanda ya sauƙaƙa musu aiki shi suke rubuta wa wasiƙa mai rai.

A wannan zuwan kuma ka buɗe kunne ka ji wane malami ne ke aiki a kan irin tambayarka, domin mai duba aikinka shi ne rabin karatunka. Wannan ita ce maganar da na ce ba ta ɗaga murya ba ce. Akwai malamin da za ka kai masa babi ya karanta ya cika shi da jan biro ya kira ka cikin mako biyu. Ka riƙe irin wannan da hannu biyu ko da yana da faɗa. Akwai kuma wanda sunansa ya cika ƙasa, amma yau yana Abuja gobe yana ƙasar waje, babinka na kwance a mota wata da watanni. Ba mugunta ba ce, ayyuka ne suka yi masa yawa, amma shekarunka ne ke tafiya. Ba kullum ake barin ɗalibi ya zaɓa ba, sashe ne ke rabawa, sai dai in ka zo da tambaya bayyananniya, kuma ka riga ka yi magana da mai sha'awarta, sau da yawa wurinsa ake tura ka. Tambayi waɗanda ke cikin karatun yanzu, a gefe, ba a gaban jama'a ba. Su suka san gaskiya.

Game da inda za ka nema, ni dai Bayero da Zariya na fi sani. Sashen Zariya tsoho ne, jami'ar tun 1962 take, kuma kusa take da Kaduna, inda Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa suke, in bincikenka zai taɓa rahotannin zamanin En'e. Bayero kuma tana da Gidan Mambayya a Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano da aka mayar cibiyar nazarin dimokuraɗiyya, kuma mota ɗaya ce daga Birnin Kudu ta Wudil. Ka leƙa Dutse ma ka ga abin da suka buɗe a bana, domin kusanci da gida ba ƙaramin abu ba ne ga mai gona da iyali. Ka cika biyu in aljihu zai ɗauka.

Na ga ka yamutsa fuska da na ambaci Lissafi ɗazu. Ka saki ranka, amma ka ji gaskiya: kimiyyar siyasa ta yau ba ta rabuwa da ƙididdiga. Za a koya maka yadda ake zaɓen mutanen da za a yi wa tambaya don kada ka tambayi abokanka goma ka ce ra'ayin Jigawa ne, da yadda ake karanta alƙaluma a gane abin da suka nuna da abin da ba su nuna ba. Afrobarometer tun 1999 take tambayar 'yan Afirka, har da 'yan Najeriya, ra'ayinsu kan mulki, kuma bayananta kyauta ne a intanet. Ka fara wasa da su tun yanzu. Ka kuma karanta maƙalar Peter Ekeh ta 1975, wadda ta yi bayanin dalilin da ya sa mutum zai riƙe amanar kuɗin ƙungiyar garinsu amma ya ga na gwamnati ba na kowa ba ne, da littafin Richard Joseph na 1987 kan yadda ake ɗaukar muƙami a matsayin rabon da za a ci a kuma raba wa dangi. In ka karanta su ka zo mu yi musu a kan ko sun dace da abin da Yaya ya gani da idonsa. Ni a ganina sun kama wani ɓangare sun bar wani, kuma ɓangaren da suka bari shi ne wurin da kai za ka shiga.

Maganar kuɗi kuwa, kada ka lissafa kuɗin makaranta kaɗai. Akwai mota, akwai wurin kwana, akwai buga takardu da data, akwai yawon bincike, wanda shi ne ya fi ci. An rubuta wata 18 ko shekara 2, amma ka shirya wa fiye da haka. A 2022 yajin aikin malaman jami'a ya kama daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata 8 cur, kowa na zaune. Don haka kada ka saki koyarwar da kake yi, kada ka jinginar da gonar gado. In riɗin bana ya yi kyau, ka ware kason makaranta tun a masussuka kafin hidimomi su taso. Ka kuma zauna da mai ɗakinka ka faɗa mata yadda abin zai kasance, domin ita za ta ɗauki rabin nauyin.

Ka tambaye ni batun ƙasar waje. Ba zan kashe maka gwiwa ba, amma da kuɗin aljihu ka cire rai. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Sai ta hanyar tallafi. Ingila tana da Chevening, digiri na biyu na shekara ɗaya, suna so ka yi aiki na shekara 2 kafin ka nema, ka kuma dawo gida ka zauna aƙalla shekara 2 bayan ka gama. Akwai na Commonwealth da ake bi ta hukumar tallafin karatu ta tarayya. Jamus tana da shirin Helmut Schmidt na DAAD kan tsare-tsaren gwamnati da kyakkyawan mulki. A Amurka kuma manyan sassan kimiyyar siyasa kan ɗauki ɗalibin digirgir su yafe masa kuɗin makaranta, su riƙa ba shi na abinci yana taya su koyarwa, shekara 5 ko 6, kuma galibi a Disamba ake rufe nema. Dokokin biza suna yawan canzawa, sai ka duba halin da ake ciki a lokacin. Abin da nake so ka lura da shi shi ne, duk waɗannan takarda ɗaya suke dubawa da idon basira, wadda za ka bayyana abin da kake son ka bincika da dalilin da ya sa kai ne ya dace ka yi shi. Ɗaruruwa za su rubuta cewa suna ƙaunar dimokuraɗiyya kuma suna son su ceto Afirka. Wanda ya rubuta cewa ya bi sakamakon rumfunan mazaɓarsu, ya ga wani abu da littattafai ba su bayyana ba, kuma yana jin harshen mutanen da zai tambaya, shi za a tsaya a karanta. Kada ka ba wani ya rubuta maka, kada ka sa na'ura ta tsara maka, masu karantawa sun ga irinsu har sun gaji. Shawarata ita ce ka yi na biyun a gida, ka fito da kundi mai kyau, sannan ka nemi na waje da shi a hannu.

Malam, ka ce 'yarka da ta gama a Kafin Hausa ita ma tana sha'awa amma tana jin nauyin faɗa. Don Allah ka ƙarfafa mata. Ranar zaɓe layin mata a rumfunanmu kowa yana ganin tsawonsa, amma me suke tattaunawa a cikin gida kafin su fito? Atamfa da sabulu da taliyar da ake rabawa su ne ke juya ƙuri'a, ko karɓa ake yi a zaɓi wanda aka yi niyya? Maigida ne ke faɗa, ko uwar miji, ko shugabar mata ta jam'iyya, ko malamar Islamiyya? Mu maza iyakarmu zaure. Ita za ta shiga har ɗaka ta zauna a bakin murhu ta ji. Rabin masu zaɓen ƙasar nan ke nan, kuma abin da aka rubuta a kansu daga bakinsu bai taka kara ya karya ba.

Abu ɗaya ya rage, ƙanena, kuma shi ne ya fi damuna game da kai. Na san jam'iyyar da kake so, kowa a nan ya sani, kuma haƙƙinka ne. Amma ranar da ka ɗauki littafi da biro ka shiga gidan mutum da sunan bincike, amana ka ɗauka. In abin da ka gano ya saɓa wa ɓangarenku, haka za ka rubuta shi. In tsohon kansila ya faɗa maka yadda aka raba kuɗi, ba za ka kai wa ubangidan kowa ba, ba za ka sa sunansa a kundi ba sai da izininsa, ba kuma za ka ɗora a Facebook ba. Garinmu ƙarami ne, magana ɗaya tana iya raba mutum da aikinsa ko ta ɓata zumuncin gida biyu. Za a zo a ce maka ka zama sojan baka tunda ka yi karatu, a ba ka ɗan abin sawa a aljihu. In ka karɓa, ƙofofin ɗaya ɓangaren sun rufe maka ke nan, kuma rabin labari ba ya zama kundi.

To ga abin da nake so ka yi. Ranar Litinin ka hau mota ka je ka biya kuɗin tiranskirif, ka biya ta wurin malaminka ka gaishe shi. In ka dawo ka rubuta shafi biyu kacal: mece ce tambayarka, wa za ka tambaya, waɗanne takardu za ka duba, me waɗanda suka gabace ka suka ce. Ka fara rubutawa da Hausa in hakan zai sa tunaninka ya fito sarai, daga baya ka mayar Turanci. Ka kawo mana nan ranar Juma'a bayan isha'i, Yaya ya faɗa maka inda ba haka abin yake ba, Malam ya gyara maka tarihi, ni kuma in duba sauran. Malam, a ce wa 'yar taka ita ma ta aiko da nata. Allah Ya sa albarka, Ya ba ku ilimi mai amfani.